Tarihin Awon Ƙwayar Cutar HIV: Daga Ruwan Jini Zuwa Busasshen Ɗigo

Awon yawan ƙwayar cutar HIV a cikin jini shi ne babban ma'aunin da likitoci ke dubawa don sanin ko magani yana aiki a jikin mai ɗauke da ita. An gano ƙwayar a Cibiyar Pasteur da ke Faransa a 1983, kuma gwajin farko ya fito a 1985, amma iyakarsa ya nuna mutum ya kamu ko bai kamu ba. Shekaru da dama likitoci sun dogara ne ga ƙirga ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4, waɗanda ba sa raguwa sosai sai cuta ta riga ta yi ɓarna.

Al'amarin ya sauya a 1996. A shekarar ne binciken John Mellors da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa yawan ƙwayar a jini yana hasashen saurin tsanantar ciwon, hukumar kula da magunguna ta ƙasar kuma ta amince da gwajin Amplicor na kamfanin Roche. An gina gwajin a kan fasahar PCR, mai ninka ƙwayar halittar cutar har na'ura ta iya ƙirga ta.

Tun daga farko ruwan jini aka ɗauka a matsayin samfurin da ya fi inganci, wato ruwan nan mai launin ɗorawa da ke tasowa sama idan na'ura ta juya jini da ƙarfi. Da shi ana iya gano ƙwayar ko da ba ta wuce kwafi 20 zuwa 50 a mililita ɗaya ba. Sai dai yana da sharuɗɗa masu wuya: a ɗebi jini daga jijiya, a raba shi cikin 'yan sa'o'i, a ajiye shi a cikin sanyi har ya isa ɗakin gwaji. A ƙauyukan Afirka, inda lantarki ke yankewa kuma hanya ke da nisa, samfurin kan lalace kafin ya kai.

Mafitar ta fito daga wata tsohuwar dabara. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie, likita a Amurka, ya riƙa ɗiga jinin diddigen jarirai a kan takardar tacewa don gano wata cutar gado. Ita ce aka ara don gwada jariran da iyayensu mata ke da HIV, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa awon yawan ƙwayar. Ana huda yatsa, a cika da'irori biyar na katin takardar tacewar, a bar shi ya bushe, a saka shi a leda tare da abin tsotse danshi. Yakan yi makonni ba tare da firiji ba.

Gwaje-gwajen kwatanci sun bayyana raunin katin ta fuska biyu. Jinin ɗigo kaɗan ne, don haka idan ƙwayar ta yi ƙaranci yakan kasa gano ta. Kuma cikakken jini yana ɗauke da ƙwayar da ke ɓoye a cikin fararen ƙwayoyin jini, wadda kan sa sakamako ya haura gaskiya, har a zaci magani ya daina aiki alhali yana yi. Shi ya sa a 2013, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita awon ƙwayar a kan CD4, ta sa kwafi 1,000 a matsayin iyakar gazawar magani ga ruwan jini, ta ba da shawarar 3,000 zuwa 5,000 ga katin. A 2016, bayan ingantuwar hanyoyin awo, ta amince da 1,000 ga duka biyun.

A 2018 Roche ya fito da katin da ke tace jini da kansa, ya riƙe ƙwayoyin a sama, ruwan ya ratsa ƙasa ya bushe. Na'urori irin su GeneXpert, da aka sani wajen gwajin tarin fuka, su kuma suna ba da sakamako cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi a asibitin da aka ɗebi jinin. Har yanzu ruwan jini ne abin fifiko inda akwai hali, busasshen ɗigo kuma shi ne madogarar wuraren da kayan sanyi da sufuri ba su wadata ba.