Gasolina: Daga Kaset Ɗin Lungu Zuwa Gidajen Rediyo

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, zan kai ku tsibirin Puerto Rico da ke ƙarƙashin Amurka, mu bi tarihin wata waƙa da na fara ji ina saurayi ba tare da na san kalma ko ɗaya a cikinta ba. Sunanta Gasolina, wato fetur da harshen Sifaniyanci, mai ita kuwa Daddy Yankee, ainihin sunansa Ramón Ayala.

Kiɗan da ake kira reggaeton ya samo tushe daga salon dembow na Jamaika, ya ratsa ta Panama, sannan samarin unguwannin talakawa na birnin San Juan suka mayar da shi nasu. Da farko gidajen rediyo ba sa kula shi. A kaset ake naɗarsa, ana sayarwa hannu da hannu, manya na cewa kiɗan 'yan iska ne. A 1995 har 'yan sanda suka shiga shaguna suka kwashe kaset-kaset bisa zargin batsa. Ni da ake kiran littattafanmu adabin kasuwa, na san zafin irin wannan kallon. Shi Ayala a irin wannan unguwa ya tashi, burinsa wasan ƙwallon baseball, sai harsashin da ba shi aka nufa ba ya same shi a ƙafa, ya koma waƙa gaba ɗaya.

A watan Yulin 2004 ya saki faifansa Barrio Fino, wanda Gasolina ke ciki, Luny Tunes ne suka haɗa kiɗanta. Faifan ya shiga jerin faya-fayen Latin na mujallar Billboard a lamba ta 1. Ita waƙar kuma a 2005 ta kai lamba ta 32 a babban jerin waƙoƙi 100 na Amurka, a Ingila ta kai ta 5.

Mai karatu zai ce, to 32 har wani abin a zo a gani ne? Ai a lokacin yawan sa waƙa a rediyo na cikin manyan ma'aunan wannan jeri, kuma manyan tashoshin na Turanci ne. Kafin waƙar Sifaniyanci zalla ta kai nan, sai da masu sauraro suka matsa. Da 'yan kasuwar rediyo suka ga inda kuɗi yake, a 2005 ɗin wasu tashoshi a New York da Los Angeles suka sauya tsarinsu suka rungumi reggaeton. Wato rediyo bai gano waƙar ba, jama'a ya bi a baya.

Ƙofar da ta buɗe ce Despacito ta bi a 2017, wadda Luis Fonsi ya yi da shi Daddy Yankee, ta shafe mako 16 a lamba ta 1. A 2023 kuma ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa Gasolina cikin kundin sautukan da ake adanawa don tarihi, ita ce reggaeton ta farko da ta shiga, shekara 28 bayan kwashe kaset-kaset ɗin nan. Duk lokacin da na ji an ce wani rubutu na kasuwa ne kawai, wannan lissafin nake tunawa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.