Daga Fensir zuwa Kwamfuta: Tarihin Mai Jadawali a Matatar Mai

Wanda duk Allah ya nufa ya tsaya da sassafe a bayan ma'aikacin da ke tsara jadawalin matatar mai, ya ga lokacin da ya buɗe manhajarsa kafin ya umarce ta ta kwaikwayi aikin mako biyu masu zuwa, zai tarar da wani shafi cike da tambayoyi waɗanda a zahiri ba su da armashi: daga wace sa'a lissafi zai fara, a wace zai tsaya, shin tankin da ake zuba wa mai ya halatta a ɗiba daga cikinsa a lokaci guda, sa'a nawa ɗanyen mai zai kwanta kafin a taɓa shi, in tanki ya tumbatsa a cikin lissafi, na'ura ta dakata ne ko ta yi gargaɗi ta wuce. Sabon shiga yakan bar amsoshin yadda ya tarar da su, irin taƙlidin almajirin da ya haddace hukunci bai nemi dalilinsa ba, alhali kuwa kowace ɗaya daga cikinsu mas'ala ce da ta taɓa hana wani barci tun kafin a ƙera kwamfuta, kuma wanda ya bi sawunsu baya zai ga tarihin sana'ar baki ɗaya.

Tace mai ta hanyar dafa shi a kama tururinsa tsohon ilmi ne, domin Abubakar ar-Razi, likitan nan na Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya bayyana a littattafansa na kimiyya yadda ake fitar da farin nafɗu daga baƙi. Amma sana'ar da muke magana a kanta ta biyo bayan rijiyar da Edwin Drake ya haƙa a Titusville ta ƙasar Amurka a 1859, lokacin da matata ba ta wuce ƙatuwar tukunyar ƙarfe da murhu ba, a cika ta, a hura wuta, a tari abin da ya fito, a bar ta ta huce, a kankare ƙasanta a sake. Kananzir na fitila ake nema. Fetur kuwa abin tsoro ne mai saurin kama wuta, wanda wasu ke ƙonawa, wasu kuma su tsiyaye shi a rafi. Mai tukunya ɗaya da haja ɗaya ba shi da bukatar jadawali, kamar yadda mai kosai ba ta bukatarsa.

Mota ce ta rikita al'amarin. Kafin Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare fetur ya sha gaban kananzir, sai masana suka duƙufa neman hanyar fasa mai nauyi ya koma mara nauyi: William Burton ya yi haka da zafi da matsi a matatar Whiting a 1913 har ya ninka fetur ɗin da ake samu daga ganga, Eugene Houdry Bafaranshe ya ƙara da sinadarin da ke gaggauta fasawar a 1937, sa'an nan a 1942 aka kunna a Baton Rouge na'urar da sinadarin ke gudana a cikinta kamar ruwa, wadda har yau ita ce zuciyar yawancin manyan matatu. Da haka matata ta tashi daga tukunya ta koma gari mai unguwanni, abin da wannan sashe ya amayar shi ne abincin wancan, fetur ɗin da ake sayarwa kuma ya zama gauraye na magudanai biyar ko goma, kowace da ƙimarta ta oktan, wato ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasar inji. A wannan zamani aka haifi mai jadawali. Kayan aikinsa doguwar takarda mai layuka, tankuna a jere daga sama zuwa ƙasa, kwanaki daga hagu zuwa dama, da fensir, da abin gogewa wanda ya fi fensirin saurin ƙarewa, da kuma rahoton ma'aikacin da ya hau tanki da asuba ya zura ma'auni ya karanto tsawon man da ke ciki.

Hisabin da ya zo ya taimake shi daga wata ƙofa dabam ya shigo. A 1939 wani matashin malamin lissafi a Leningrad, Leonid Kantorovich, wanda masana'antar katako ta tambaye shi yadda za ta raba aiki tsakanin injunanta, ya gano cewa ire-iren waɗannan mas'aloli duk siffarsu ɗaya ce, wato neman mafi yawan fa'ida a ƙarƙashin sharuɗɗan da ba a ƙetarewa. Hukumomin ƙasarsa ba su kula shi ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma a 1975 ya karɓi kyautar Nobel. A 1947 George Dantzig, yana yi wa rundunar sojan saman Amurka aiki, ya fito da hanyar warware su mataki bayan mataki, kuma abin sha'awa ne cewa kalmar da Turawa ke kiran irin wannan hanya da ita daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi aka samo ta. Gwajin farko mai girma da aka yi mata a wannan shekara, na neman abinci mafi araha daga iri 77 wanda zai cika sharuɗɗa 9 na gina jiki, ya ci ma'aikata tara masu injin lissafi na hannu abin da ya kai kwanakin aiki 120 in aka tara. Masu mai ba su yi nawa ba. A 1952 Abraham Charnes da William Cooper, tare da Bob Mellon na kamfanin Gulf, suka wallafa nazarinsu kan haɗa man jirgin sama, a 1956 Alan Manne ya fitar da littafi sukutum kan tsara ayyukan matata, kuma kafin shekarun 1960 su yi nisa manyan kamfanonin mai suna cusa wa kwamfutocin IBM katuttuka masu huji da dare su karɓi amsa da safe.

Sai dai wannan hisabi, duk da ɗaukakarsa, yana da makanta guda biyu waɗanda mai jadawali ya gane tun ranar farko. Ta farko, ba shi da agogo. Yakan ɗauki wata guda a dunƙule ya ce a dafa ganga kaza na wannan ɗanyen mai da kaza na wancan, kamar dukansu suna nan a ajiye ran ɗaya ga wata, bai san cewa jirgin da ke ɗauke da na biyun ba zai iso ba sai ran ashirin, bai kuma san cewa tankin da za a sauke shi a ciki yana cike da wani abu ba. Malaman usulu suna rarrabe mujmali da mufassali, kuma wannan ne bambancin: hisabi ya ba da hukunci a dunƙule, tafsilinsa sa'a bayan sa'a ya rage a wuyan mai fensir. Daga nan sana'ar ta rabu biyu, mai tsari wanda ke duban wata da riba, da mai jadawali wanda ke duban gobe da tanki, kuma saɓanin da ke tsakaninsu, wanda a ganina mai jadawali ya fi yawan gaskiya a cikinsa, bai ƙare ba har yau.

Makanta ta biyu ta fi zurfi. Hisabin yana zaton cewa komai yana haɗuwa bisa ƙa'ida miƙaƙƙiya, alhali in magudanai biyu suka zuba a tanki ɗaya kafin a rarraba, ingancin abin da ke tankin ya dogara ga yawan da aka zuba, yawan da ya kamata a zuba kuma ya dogara ga ingancin, sai mas'ala ta ciji wutsiyarta. Larry Haverly ya nuna wannan a 1978 da ɗan misali wanda yaro zai iya zanawa a allo, iri uku na mai masu bambancin farar wuta, da tanki ɗaya, da haja biyu, ya tabbatar cewa amsar da na'ura za ta bayar tana iya sauyawa gwargwadon hasashen da aka fara ba ta. Maganin da aka daidaita a kansa shi ne a yi hasashe, a warware, a gyara hasashen da sakamakon, a sake, har bambancin ya ƙanƙance. Saboda haka ne a manhajojin yau ake tambayar mutum sau nawa za a maimaita, da kuma wane ɗan saɓani ne za a yafe a ce an daidaita.

Mai jadawali ya daɗe a kan takardarsa bayan mai tsari ya koma kwamfuta. Abin da ya fara raba shi da ita shi ne manhajojin teburin lissafi na ƙananan kwamfutoci, irin Lotus 1-2-3 ta 1983, domin siffarsu siffar takardarsa ce, sai dai ba a gogewa da hannu. Daga baya kamfanoni irin AspenTech, wanda ya tsiro a 1981 daga wani aikin bincike na jami'ar MIT da aka soma bayan rikicin mai na 1973, suka fitar da manhajoji na musamman, kamar Orion wadda ta koma Aspen Petroleum Scheduler, inda mutum ke rubuta abin da ya yi niyya, wato jirgi ya sauke a tanki kaza, a juya hasumiyar dafuwa, wato inda ake tace ɗanyen mai, zuwa wani gauraye da azahar, a tura dizal ta bututu da dare, na'ura kuma ta bi agogo tana nuna masa yadda kowane tanki zai hau ya sauka da inda za a yi karo.

To a nan ne tsofaffin hukunce-hukuncen masu fensir suka koma zaɓuɓɓuka a shafi. Ɗanyen mai yana zuwa da ruwan gishiri a jikinsa, wanda in ya shiga murhun da zafinsa ya haura digiri 350 zai tayar da hankalin hasumiya ya kuma ci ƙarfe, don haka aka saba barin tanki ya kwanta, sau da yawa yini guda, a tsiyaye ruwan ta ƙasa. Wanda ya rage wannan wa'adi a manhaja zai ga jadawalinsa ya yi kyau ƙwarai, amma ma'aikatan fili ba za su bi shi ba. Tanki kuma ba ya ƙarewa ƙaf, kullum akwai ragowa a gindinsa wadda famfo ba ya kaiwa, kuma ragowar nan tana ɓata lissafin farar wutar duk abin da aka zuba a kanta. Akwai tambayar ko man da ya shiga tanki ya gauraye nan take, ko kuwa mai nauyi ya kwanta ƙasa mara nauyi ya hau sama, abin da na'ura ta fi son na farko domin sauƙinsa, tanki kuma ya fi yawan aikata na biyu. Akwai tsawon taku: wanda ya sa lissafi ya riƙa tsalle yini yini ba zai ga tankin da ya cika da tsakar rana ya sauka da magariba ba, wanda ya sa shi minti minti kuma zai nutse a cikin lambobi. Oktan ma ba ya bin adalcin rabo, domin rabi da rabi na fetur biyu ba lalle su ba da tsakiyar ƙimarsu ba, sai an zaɓi ƙa'idar haɗi wadda ɗakin gwajin matatar ya gaskata. A bayan duk wannan kuma akwai jirgin ruwa da ke tsaye a gaɓa, wanda kowace ranar jiransa dubban daloli ce.

Ƙasarmu ta ba da misali wanda ya fi na littafi wuya. Matatar Alesa Eleme kusa da Fatakwal ta 1965 da ta Warri ta 1978 suna zaune ne a bakin rijiyoyinsu, amma ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina aka buɗe a 1980 da ƙarfin ganga 100,000 a rana kafin a ɗaga shi zuwa 110,000, an tsara ta ne ta riƙa shan manta ta bututun da ya haura kilomita 600 daga Escravos ta Warri. An kuma yi ta da hasumiya biyu masu abinci dabam: ɗaya an yi ta ne ta dafa man gida mara nauyi domin fetur da kananzir da dizal, ɗayar kuwa, da yake man Nijeriya bai dace da yin baƙin mai na inji da kwalta da kakin kyandir ba, an tsara ta ne kan mai nauyi da ake sayowa daga Benezuwela ko Kuwait ko Saudiyya, jirgi ya sauke shi a gaɓa, a tura shi arewa ta wannan bututu guda, rukuni na bin rukuni, inda suka haɗu kuma su ɗan cuɗanya. Matatar Damagaram da aka buɗe a 2011, mai ganga 20,000 a rana, ta huta da wannan, tun da man Agadem kaɗai take sha.

Ma'anar haka ga mai jadawali a Kaduna, a kwanakin da matatar ke aiki, ita ce man da zai dafa ran Juma'a ya riga ya shiga bututu tun farkon mako, yana tafe ƙarƙashin gonaki da dazuzzuka, ba mai iya kiransa ya koma ko ya sauya masa layi, kuma in na waje ya iso alhali tankinsa bai samu wuri ba, na gida da ke bayansa ma ya tsaya. A cikin shafin zaɓuɓɓukan nan akwai wani ɗan gurbi da ke tambayar abin da ke cikin bututu a sa'ar da lissafi zai fara, da jerin rukunansa, da yawan kowanne. Mai jadawali a matatar da ke bakin teku yana iya wuce shi bai duba ba, domin bututunsa daga jirgi zuwa tanki gajere ne. A Kaduna kuwa gurbin yana ɗauke da ganguna dubu ɗaruruwa, abincin matata na kwanaki, kuma da shi ake fara cikawa kafin a taɓa sauran.