Daga Mai Kisa Zuwa Mai Surutu A Sinima

Jiya da daddare na sake kallon God Bless America, fim ɗin da Bobcat Goldthwait ya yi a 2011. Na sha dariya, daga baya kuma kunya ta rufe ni. Bari in ɗan ba ku tarihin irin waɗannan finafinai, za ku gane dalili.

Abin ya samo asali tun shekarun 1970, lokacin da ɓata-gari suka addabi birnin New York. A 1974 aka fitar da Death Wish: an kashe wa Charles Bronson mata, sai ya ɗauki bindiga ya shiga farautar 'yan ƙwace da dare. Wannan babu raha a ciki, ramuwa ce zalla.

A 1993 sai ga Falling Down. Michael Douglas ya rasa aiki, ya bar motarsa cikin cunkoso a Los Angeles, ya zaro bindiga a gidan abinci don an ce masa lokacin karin kumallo ya wuce da 'yan mintuna. A 1994 John Waters ya mai da abin barkwanci a Serial Mom: matar aure mai fara'a, Kathleen Turner, ta kashe wata mata saboda ta mayar da kaset ɗin bidiyo na haya ba ta juya shi farko ba. Wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan takaicin!

Shi kuwa Frank na God Bless America, an kore shi daga aiki, likita ya ce yana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Sai ya fara da wata yarinya 'yar gata da ya gani a talabijin tana zagin iyayenta don ba su sayo motar da take so ba. Daga nan sai masu surutu a sinima. Ƙarshensa 'yan sanda suka harbe shi a dandalin gasar waƙa, gaban kyamara. Wato ya koma abin kallo a irin shirin da ya tsana.

Ku lura da yadda laifin yake ta ƙanƙancewa: daga mai kisa zuwa mai ban haushi kawai. Tarkon kenan. Kana dariya, ashe kai ake gwadawa.

Wallahi abin da ya tsaya min a rai shi ne Uromi, Maris ɗin 2025, inda aka kashe mafarauta 16 a hanyarsu ta komawa Kano. Duk mai ɗaukar doka a hannu gani yake shi ne mai gaskiya. Ni ma akwai waɗanda ke ƙona min rai a Facebook ɗin nan, kuma na tabbata ina cikin jerin wani. To in kowa ya zama Frank, wa zai saura?

Allah Ya ba mu ikon danne fushi.