Tarihi: Yadda Dajin Kongwa Ya Karya Katafilolin Ingila, da Darasin da Ke Ciki Ga Mai Hayar Eskabeta

Yau ba waya za mu taɓa ba, inji za mu taɓa, babba kuwa. In kana da filin da kake son a sassabe maka, ko kana shirin ɗauko hayar eskabeta, wato motar nan mai dogon hannu da ke haƙa ƙasa, to tsaya ka karanta wannan tarihin kafin ka biya kuɗin ko da awa ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta shiga ƙarancin man girki. A 1946 Frank Samuel, shugaban kamfanin UAC, ya kawo shawarar a noma gyaɗa da injuna a gabashin Afirka. Gwamnati ta amince za a share daji sama da eka miliyan 3, mafi yawansa a Tanganyika, wadda yau take cikin Tanzaniya. A 1947 aka fara aiki a wani wuri mai suna Kongwa.

To da wane inji? Sababbin katafiloli sun yi wuya a lokacin, sai aka sayo tsofaffin da sojojin Amurka suka bari a ƙasar Filifin. Daga baya ma har tankokin yaƙi ƙirar Sherman aka mayar taraktoci, aka sa musu suna Shervick. Amma ka san araha ba ta ado. Dajin Kongwa sarƙaƙiya ce mai ƙaya, ga manyan kukoki, wasu cike da ƙudan zuma da ke far wa direbobi. Katafila za ta ture na sama, saiwoyi kuma suna nan daram a ƙasa. Da rani ƙasar takan bushe ta yi tauri, ga tsakuwar da ke cinye ƙarfe, sai kayan yanke saiwa su dakushe nan da nan. Kafin shekarar ta ƙare yawancin injunan sun kwanta. An yi niyyar noma eka 150,000 a shekarar farko, abin da aka shuka bai kai eka 10,000 ba.

Sai suka koma wata dabara: a ɗaura sarƙar angar jirgin ruwa tsakanin katafila biyu su ja, ta uku na biye tana ture bishiyar da ta ƙi faɗuwa. Wannan ya yi sauri, ana kwantar da kusan eka 40 a rana. Sai dai sarƙa ba ta cire saiwa, ruwan sama kuma bai isa gyaɗa ba a Kongwa. A watan Janairun 1951 gwamnati ta haƙura, ta lissafa asarar fam miliyan 36. Abin takaicin shi ne, a daidai waɗannan shekaru dalar gyaɗa na jibge a Kano, wadda manoma suka noma da fartanya, tana jiran jirgin ƙasan da zai kwashe ta.

Darasi na farko ke nan: ba ƙarfin inji ne ke share daji ba, dacewar abin da ke bakinsa da irin dajin ne.

Darasi na biyu daga Ibadan ya fito. Wajen ƙarshen shekarun 1970, masanin ƙasa Rattan Lal da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta IITA sun gwada hanyoyin share daji gefe da gefe. Inda aka sare da hannu, zaizayar ƙasa ta fi ƙanƙanta. Inda katafila ta yanke bishiyoyi daidai da ƙasa ta bar saiwa, ɓarnar ba ta yi yawa ba. Inda aka tumɓuke bishiyoyi aka bi saiwoyi da manjagarar ƙarfe, nan ruwa ya fi wanke ƙasa. Ka ga filin da ya fi kyan gani a ranar da aka gama, shi ne ya fi cutuwa daga baya.

A nan eskabeta ta shigo. Mai aiki da man haidurolik ta fara fitowa a Italiya da Faransa bayan yaƙin, kuma a 1961 kamfanin Poclain na Faransa ya fitar da ƙirar TY45 da ta yi suna sosai. Bambancinta da katafila shi ne, ita tana tsaye wuri guda ta miƙa hannu, ta zaɓi abin da za ta cire ta bar wanda kake so. Kuma ana iya kwance bokitin a ɗaura wani kan. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su:

1. Manjagara: tana tsefe saiwoyi da duwatsu, ƙasa na zubewa ta tsakanin haƙoranta. Ta dace da filin gini ko gonar da tarakta za ta yi wa huɗa.

2. Yatsa ko mariƙi: yana damƙe itace a tara shi wuri guda, ba tare da an kwashe ƙasar sama ba.

3. Kan markaɗe: ganga ce mai haƙora da ke juyawa tana niƙe itace daga sama har ƙasa, ɓarɓashin ya rufe ƙasa ya zama taki. Amma saiwa na nan, wasu itatuwan za su sake tohowa.

4. Faifan yanka: ya fi sauri a ciyawa da ƙananan itatuwa, sai dai yana cilla guntaye nesa.

5. Ƙugiya mai haƙori ɗaya: don fasa ƙasa mai tauri da tumɓuke kututture.

Kafin ka shirya da mai inji, yi masa tambayoyi huɗu. Na ɗaya, lita nawa na mai famfon injin ke turawa a minti ɗaya, kuma lita nawa kan yake buƙata? In bai kai ba, kan markaɗe zai riƙa shaƙewa, mai ya yi zafi, kana biyan awa a banza. Na biyu, nauyin kan ya dace da girman eskabetar? In ya yi mata nauyi tana iya kifewa idan ta miƙa hannu. Na uku, wane irin haƙora ne? Masu kaifi kamar wuƙa sun fi sauri amma dutse na lalata su, masu bakin kabaid sun fi jure ƙasa mai duwatsu. Na huɗu, akwai raga ko gilashi mai kauri a gaban direba? Kuma a kori yara da dabbobi daga wurin kafin a tayar da inji.

Na ƙarshe kuma ba sai da inji ba. Zaga filin da ƙafarka, ka duba kaurin itatuwan, ka tona ƙasa ka ga saiwa da dutse. Ka shafa fenti a jikin kuka da ɗorawa da kaɗanyar da kake son a bari. Mutanen Kongwa sun yanke hukunci bayan ɗan gajeren rangadi, yawancinsa ma daga jirgin sama, suka biya da fam miliyan 36. Kai tafiyar safiya ɗaya ta ishe ka.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.