Tarihin Gano Farin Tabon Gefen Harshe ta Hanyar Binciken Nama

Farin tabon gefen harshe, wanda likitoci ke kira oral hairy leukoplakia, ciwo ne da ke fitowa a bakin mutanen da garkuwar jikinsu ta yi rauni. Yakan fito fari mai tudu-tudu a gefen harshe, ba ya zafi, kuma ba ya goguwa. Wannan ne ya raba shi da farin da ƙwayar kandida ke shimfiɗawa a baki, wanda ke fita in an kankare.

A farkon shekarun 1980, lokacin da cutar ƙanjamau ta ɓulla a birnin San Faransisko na Amurka, likitocin haƙori Deborah Greenspan da John Greenspan na Jami'ar Kalifoniya suka lura da tabon a harshen samari majiyyata. Sun wallafa bayaninsa a mujallar Lancet a 1984. A 1985 suka tabbatar da cewa ƙwayar cutar Epstein-Barr ce ke hayayyafa a fatar harshen. Ita wannan ƙwaya tun 1964 aka gano ta a Landan, cikin naman sankarar yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, don haka ake yankar ɗan mitsitsin nama a rina shi, a duba da madubin likita. A nan ake ganin fatar sama ta yi kauri ta fitar da tsinke-tsinke, ƙwayoyin halittar da ke ƙarƙashinta sun kumbura sun yi wayam, ɗigo-ɗigo sun jeru a bakin cibiyarsu kamar carbi. Kumburin da jiki kan yi wajen yaƙi da cuta kuwa kusan babu shi. Daga baya aka samu gwajin da ke nuna sinadarin gadon ƙwayar cutar a cikin naman, shi ne kuma ake dogaro da shi wajen tabbatarwa.

Kafin ƙarshen shekarun 1980 an ga tabon a bakin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, aka gane ba na masu ƙanjamau kaɗai ba ne. Bayan fitowar haɗaɗɗun magungunan ƙanjamau a 1996 ya ragu ƙwarai. Tabon ba ya rikiɗewa zuwa sankara, amma Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa shi cikin alamomin mataki na 3 na cutar ƙanjamau.