Ruwa a Ƙaraye, kanal a Kadawa: tarihin hanya 🧵

1/ Duk wanda ya ga hoton birnin Venis na Italiya, inda kwale-kwale ne tasi, sai ya ɗauka ta ruwa kawai ake shiga. A'a. Tun 1846 aka yi masa gadar jirgin ƙasa, a 1933 aka ƙara ta mota. Ni abin da ya dame ni shi ne namu na Kano. Ku biyo ni.

2/ Garuruwan kanal a Kano su ne Kura, Kadawa, Garun Malam da Bunkure. Ruwansu daga Dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo. Kura da Kadawa kuma suna bakin titin Kano zuwa Zariya, manomi ya fito da shinkafa ko tumatir, mota na jira.

3/ To mu koma yamma, Ƙaraye da Rogo. A 1911 layin dogo ya iso Kano daga Zariya, ya bi ta Ɗangora, Madobi da Chalawa. Bai leƙo Ƙaraye ba, balle Rogo.

4/ Da cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, garin da ke da tasha shi ya samu kanti da sikeli. Kakanninmu kuwa sai jaki da raƙumi, su kai kaya inda jirgi yake. Kuɗin dako daga ribarsu yake fita.

5/ Har yau mota ce kawai. Daga Kano ko ka bi titin Gwarzo, ko ka bi na Zariya ka karya a Kwanar Ɗangora ta Ƙiru. Rogo kuma sai ka ƙara gaba, can kan iyaka da Kaduna da Katsina.

6/ Ga abin mamakin: a 1992 aka gama Dam ɗin Chalawa a ƙasar Ƙaraye, tsayinsa mita 42, tsawonsa kusan kilomita 8. Gonaki da ƙauyuka suka shiga ƙarƙashin ruwa.

7/ Ruwan yana bin Kogin Chalawa ya gangara Kano, birni ya sha, ragowar ya wuce Haɗeja. Wato mu ke riƙe da randa, amma babban tsarin kanal yana Kadawa.

8/ A 2019 aka yi wa Ƙaraye masarauta, a 2024 aka rushe, aka dawo da ita mai daraja ta biyu, da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Mun yi ta musu a kan rawani, wallahi kamar ba gobe. Nawa ne a cikinmu suka yi musu a kan kanal da titi?

9/ Tumatir ba ya jira. Kwana biyu a rana ya zama asara. Don haka in ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, tambaya biyu nake so mu yi masa: kanal kilomita nawa, kuma wane titi zai fitar da kayan?

10/ 'Yan Rogo da Ƙaraye, nawa kuke biyan dakon buhu ɗaya zuwa Dawanau? Ku faɗa mana a ƙasa.