Gidan Ɗan Hausa: boko ma a ɗakin ƙasa ya yi rarrafe

Mu mutanen Sassumbrum ba baƙin Kano ba ne, amma kasuwa da asibiti ke kai mu. Ƙalilan ne suka taɓa leƙa Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa, alhali kuwa duk mai riƙe alli yana da gado a cikinsa.

Gidan bene ne na ƙasa, aikin maginan Kano. Da tubali aka tashi bangonsa, aka ba shi kauri, shi ya sa ko a bazara cikinsa da sanyi. Rufin na azara ne, wato faskararriyar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, aka ɗora ta a kan bakan gizo. Zankwaye sun tsaya a saman soro, indararo na zubar da ruwan damina nesa da bango.

Tarihin baka na cewa tun kafin zuwan Turawa akwai gida a wurin, na wani hakimi mai kula da gandun Sarkin Kano. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai gidan ya koma hannun Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan, wanda ya ƙetare Sahara daga Tarabulus a 1906, ya bi ta Bilma zuwa Tafkin Chadi. Ƙwarewarsa a harshenmu ta sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Ya faɗaɗa gidan, a 1909 ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Bayan tafiyarsa jami'an Turawa suka ci gaba da zama a ciki. Yau yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano.

Abin da ya raya ginin nan fiye da shekara ɗari shi ne yaɓe: kowane mai gida ya gyara kafin damina. A garinmu kuwa, da zarar tsoho ya rasu, sai magada su rushe zaure su jera bulo.

Ƴan uwana malamai, mu aiki ɗalibai su tambayi kakanninsu: wa ya gina zauren gidanmu, daga ina aka ɗauko azararsa, su wa suka zauna a ciki? Iyaye kuma ku ba su amsa tun masu sani suna raye, a rubuta a ajiye.